Daga Arlit Zuwa Duwatsun Azbin: Inda Asusunmu Ya Kai Mu

 Da yawanku kun ji labarin tafiyar da muka yi cikin sanyin da ya wuce, wasu sun yi mana barka, wasu kuma sun aiko suna tambaya ko kuɗi ne suka yi mana yawa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu rubuta yadda abin ya gudana, daɗinsa da wuyarsa da lissafinsa, don ƙungiyar da ke sha'awa ta san abin da za ta tarar.

Mu mazauna Arlit da Akokan, in aka ce dutse, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne tulin ƙasar nan mai launin toka da aka tono daga ramukan yuraniyom, wanda ake hange daga bayan gari. Yawancinmu ba a nan aka haife mu ba. Aure ne ya kawo mu daga Maraɗi da Tawa da Damagaram da Dogon Dutsi, muka biyo mazan da suka zo aiki a SOMAIR, wadda ta fara fitar da ƙarfe a 1971, ko COMINAK, wadda ta bi baya a 1978. Akwai wadda ta shekara 31 a garin nan, ta aurar da ƴaƴa huɗu, amma ba ta taɓa taka duwatsun Azbin ba, alhali suna nan gabas da mu, tafiyar da ba ta cika wuni ba a mota. Hanya ɗaya muka sani, kwaltar kudu, in za a je gida biki ko ta'aziyya.

Gardamar da aka sha kafin a tashi

Maganar ta taso ne ranar wani zubi, daga bakin wata ƴar ƙungiyarmu Ba'abziniya wadda iyayenta ke Gugaram. Ta ce shekara shida tana zuwa sunan ƴaƴanmu da bukukuwanmu, amma ko mutum ɗaya cikinmu bai san ƙofar gidansu ba. Kunya ta kama mu, don gaskiya ta faɗa, zumunci a ƙafa yake. Nan take wata ta ce, tun da za a je Gugaram, me zai hana a ƙarasa Iferwan da Timiya, inda lemun da muke saye a kasuwa yake fitowa?

Ma'ajiyarmu ce ta fara tsayawa kai da fata. Maigidanta na cikin waɗanda suka zauna gida tun ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe COMINAK, kuma da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe da gidan. Ta ce: "Ku ji mini mata! A wanga lokaci da kowa ke neman na hatsi, mu kwashi kuɗɗi mu tafi kallon duwatsu? Mi dutsi zai ba mu?" Rabin zauren na bayanta. Sai da aka yi zama uku ana ja-in-ja kafin a tsaya kan sharaɗi uku. Ba za a taɓa babban akwati ba, ba za a taɓa asusun taimako na ciwo da rasuwa ba, kuma ba za a tilasta wa kowa ba. Aka sayo ƙaramin akwati na dabam. Mata 14 cikin mu 25 suka sa suna, kowace tana zuba jikka 1 duk mako har mako 40, aka tara jikka 560.

Ma'ajiya ita ce ta 14. Da aka tambaye ta yaya aka yi ta sauya ra'ayi, sai ta ce ba ta sauya komai ba, kuɗin ƙungiya ne ba za su kwana a daji ba tare da ita ba.

Kafin mu tashi mun nemi izinin mazajenmu, maigidan shugabarmu da babban ɗan wata cikinmu suka yarda su raka mu. Mun sanar da jandarma da ma'aikatar magajin gari hanyar da za mu bi da ranar da za mu dawo. Wannan ba abin wasa ba ne a yankinmu, kuma duk ƙungiyar da za ta tafi kada ta tsallake shi.

Daren Gugaram

Mun bar Arlit bayan asuba cikin kat-kat biyu, a matse kamar goro cikin huhu, da bido-bidon ruwa da barguna da tukwane a sama. Da aka fita gari babu kwalta, sai fili fetal da tsakuwa da rairayi. Wajen hantsi muka fara hangen wani baƙin layi can gabas, muka ɗauka hadari ne, direba ya yi dariya ya ce duwatsun ke nan. Sannu a hankali itatuwa suka fara bayyana a cikin ƙoramu, kandili da aduwa da tumfafiya, ga awaki da raƙuma na kiwo.

Gugaram na gefen yamma na duwatsun, a kan hanyar Iferwan, kuma yawancin mutanenta makiyaya ne, sai masu ƴan lambuna a bakin ƙorama. Mahaifiyar ƙawarmu ta tarbe mu da nonon taguwa da cuku da dabino, aka yanka akuya. Da dare maza suka gasa tagalla, gurasar nan da ake binnewa cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, a kakkaɓe, a marmasa cikin miya. Mun ɗauka za mu tauna ƙasa, sai ga shi ko ƙwaya ɗaya ba mu ji ba. Bayan isha'i mata suka ɗaure fata a bakin turmi aka buga tende, mu kuma muka rama da kiɗan ƙwarya. Sanyin daren kuwa ba a magana. Wadda ta taho da bargo ɗaya ta gane kurenta.

Abin da ya fi tsaya mana a rai a Gugaram shi ne hirar da muka yi da dattijuwar gidan. Ta tambayi yadda asusunmu ke aiki. Muka ba ta labarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, har tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya: akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, bashi da ɗan riba, rabo a ƙarshen shekara. Ta saurara har muka gama, sannan ta ce su ma suna da nasu tun kaka da kakanni. A al'adarsu bukkar tabarma ta mace ce, da ita take zuwa gidan aure, in zama ya ƙi kuma da ita take tashi. Akwai kuma dabbobin da ake keɓe wa mata na dangi, waɗanda sunansu a harshensu ke nufin "nono mai rai", ba a sayar da su, ba a raba su gado, sai dai a sha nononsu, su wuce daga uwa zuwa ƴa. Ma'ajiyarmu ta gyara zama ta ce: "To ai Inna, wannan shi ne uwar kuɗi ba a taɓawa." Tsohuwa ta ce haka ne, sai dai tasu uwar kuɗin fari na iya kashe ta.

Da safe ta buɗe mana wata tsohuwar jaka cike da aikin fata: jakunkuna masu tuntu, gidan madubi, filon fata, da ƙananan tabarmi na kaba. Ta ce a da, daga watan Oktoba zuwa Maris, motocin Turawa masu yawon buɗe ido ba sa yankewa a wannan hanya, jirgi na sauke su Agadas kai tsaye daga Faransa, mata na sayar da aikin hannunsu a bakin hanya. Tawayen farko ya tsayar da su har aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, suka dawo. Rikicin 2007 zuwa 2009 ya sake korar su, sannan satar ma'aikata da aka yi a Arlit a watan Satumba 2010 ta rufe ƙofar. Mun tuna lokacin da mutanen Iferwan da ƙauyukan kewaye suka sauko Arlit gudun hijira, wasu ma a unguwanninmu suka zauna. Ashe ba mu taɓa tambayar kanmu abin da suka koma suka tarar ba.

Iferwan da ƙafar Tamgak

A Gugaram muka ɗauki ɗan jagora, dattijo ne da ya yi shekaru yana yi wa baƙi ja-gora, yana jin Hausa da Faransanci har da ɗan Italiyanci. Dokarsa ta farko: mota ba ta barin sawun da wasu motoci suka bi, kuma kowace ta sauka kada ta yi nisa ba da saninsa ba, saboda nakiyoyin da aka binne a wasu hanyoyi lokacin rikici. Babu wadda ta yi masa gardama.

A hanya ya tsayar da mu gindin wasu manyan duwatsu ya nuna mana zane a jikinsu: shanu masu dogayen ƙahoni, jimina, raƙumin dawa, da mutum riƙe da mashi. Ya ce mutanen da suka zana su sun rayu ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da wurin ke da ciyawa da tafkuna, kuma a kwarin Mammanet da ke arewa maso yammacin duwatsun irinsu ba su ƙirguwa. Kusa da zanen akwai rubutun Tifinag, ɗige-ɗige da da'ira da layi. Ƙawarmu ta Gugaram ta karanta mana wasu baƙaƙe, ta ce kakarta ce ta koya mata a kan rairayi.

Iferwan gari ne cikin kwari mai faɗi, da lambuna da dabino, dutsen Tamgak tsaye a gabashinsa kamar katanga, tsayinsa ya kusa mita 2,000. Nan ake yin bikin Azbin da aka fara a 2001, na tseren raƙuma da tende da baje kolin aikin hannu. Garin na bakin gandun dajin Azbin da Tenere, wanda aka keɓe a 1988, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, fadinsa ya haura hekta miliyan 7. Ragon dutse da barewa na nan har yanzu, ko da yake mu kashinsu da sawunsu kaɗai muka gani.

Da la'asar ɗan jagora ya kai mu bakin wani kwazazzabo a ƙafar Tamgak, ya ce mai iyawa ta biyo shi. Mu tara muka bi. Tafiya ce ta tsallake-tsallake a kan duwatsu masu santsi da ruwan damina ya goge, wani wurin sai an ba juna hannu. Zani bai yi wa wannan tafiya ba, silifa kuwa bala'i ne. Bayan kamar awa ɗaya muka iske ruwa kwance cikin kwarmin dutse, garau, sanyi kamar an fito da shi daga firji, da ƴan tsuntsaye na sha. Mu da muka saba da ruwan famfo da na bido, muka tsaya shiru. Shugabarmu ta ce a yi alwala a yi sallar la'asar a nan, aka yi.

A saukowa ne ƙafar wata Hajiyarmu ta gurɗe. Ɗanta da direba suka tallabo ta har mota, aka kai ta gidan likita aka ɗaure. Wannan ya ƙara mana kwana ɗaya a Iferwan wanda ba ya cikin lissafi.

Asode da Timiya

Tsakanin Iferwan da Timiya aka ratsa da mu kangon Asode, tsohon birnin Azbin da ayarin fatake ke yada zango a cikinsa. Yau babu kowa, sai bangayen dutse da suka zube, da ragowar babban masallaci, da fasassun tukwane a ƙasa. Ɗan jagora ya ce garin ya daɗe yana raguwa, ya ƙarasa mutuwa bayan yaƙin Kawusan da Faransawa na 1916 zuwa 1917. Sannan ya waiwayi ma'ajiyarmu, da ya ga tsagar Gobirawa a fuskarta, ya ce: "Hajiya, ke ai gida kika zo." Tarihin Gobir kansa ya nuna cewa Gobirawa sun zauna Azbin kafin su gangara kudu. Ta ce kakanta ya sha faɗa musu haka suna yara, ita ta ɗauka tatsuniya ce. Ba ta ƙara cewa komai ba, amma mun ga ta daɗe tana zagaya kangon ita kaɗai.

Hanyar Timiya ta gwada mu. Taya ta fashe a kan duwatsu masu kaifi, can gaba kuma motar baya ta kafe cikin rairayin ƙorama. Kowa ya sauka, aka sassauta iskar tayoyi, maza na haƙa da shebur, mu muna jido duwatsu da rassan itace muna turawa. Wadda ke cewa ciwon baya ya hana ta daka a gida, ranar an ga ƙarfinta.

Gab da magariba muka shiga Timiya. Gani ya kori ji. Bayan wuni guda cikin baƙaƙen duwatsu, sai ga kore shar a bakin ƙorama: lemu ya nuna har rassa na sunkuyawa, ga itatuwan rumman da ɓaure da inabi, ga dabino a sama, ga alkama da albasa da tafarnuwa da tumatir a fangali. Wasu lambunan na da injin ban ruwa, wasu har yanzu raƙumi ne ke jan guga daga rijiya, yaro na kai shi yana dawo da shi, ruwa na bin ƴan magudanai zuwa kowane fangali. Mutanen garin Kel Ewe ne, kuma Hausa a bakin mazansu kamar a Tasawa, domin su ne masu ayarin da ke ƙetare Tenere zuwa Bilma da Fashi su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangara ƙasar Hausa su musanya da gero. Watanni maza ba sa gida, mata ke riƙe da awaki da yara da dukiya.

Da sassafe muka hau tudun da Faransawa suka gina ganuwar soja a kansa a shekarun 1950, wadda ake kira Fort Massu. Hawan gajere ne amma yana cin numfashi. Daga sama ana ganin garin duka, da ƙorama kamar farin zare, da lambuna biye da ita. Daga nan aka kai mu magangarar ruwan Timiya, ƴan kilomita kaɗan daga gari. A sanyi ruwan siriri ne, yana sulalowa ta jikin baƙin dutsen da aka ce aman wuta ne ya daskare, yana taruwa cikin tafki a ƙasa. An ce da damina sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Maza suka ja gefe, muka tsoma ƙafafu, ƙananan cikinmu suka yi ta watsa wa juna ruwa kamar ƴan mata.

Lissafi

Ga yadda kuɗin suka tafi. Hayar mota biyu da mai, jikka 400, kuma wannan farashin zumunci ne, don ɗaya daga cikin direbobin ƙanin wata ƴar ƙungiya ne. Abinci, jikka 70. Ɗan jagora, jikka 40. Tsarabar masu masauki, sukari da ganyen shayi da sabulu da turmin atamfa biyu, jikka 30. Saura jikka 20 muka riƙe don ko-ta-kwana, kuma ba su isa ba. Taya da kwanan da ya ƙaru da magani sun ci jikka 62, aka sami giɓin jikka 42.

Da muka dawo wasu suka ce a cire daga asusun taimako, tun da gurɗewar ƙafa ai ciwo ne. Ma'ajiya ta ce atafau, mata 11 da ba su je ba ba za su biya kuɗin kallon da ba su yi ba. An ɗan ɗaga murya, amma ita ke da gaskiya. Kowace cikin mu 14 ta ƙara jikka 3, magana ta mutu.

Mata biyar sun ɗauki bashin jikka 20 kowace daga babban akwati bisa ƙa'ida, suka saro kaya. Masu lemu sun sha kashi, don kusan kashi ɗaya cikin uku ya mutsuke a hanya, da ƙyar suka mayar da uwar kuɗi. Masu cuku da kauɗar tumatir da tafarnuwa kuwa cikin kwana uku suka sayar, da riba. Darasin a fili yake: a wannan hanya, abin da ya bushe shi ne kaya.

Ma'ajiyar nan da ta ce me dutse zai ba mu, ita ce ta kawo shawarar da muke kai yanzu. Duk wata matan Gugaram na aiko mana cuku da aikin fata ta hannun direban da ke bin hanyar, mu kuma mu aika musu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da sabulun da muke haɗawa, ana rubuta komai a littafi ɗaya a nan, ɗaya a can. In an sami rezo a yi saƙon murya, in babu a ba direba saƙo. Ciniki ne ƙarami, bai sa kowa ya yi arziki ba, amma jakunkunan tsohuwar nan sun fara fita daga cikin jaka, amare a Akokan na saye.

Ga masu niyya

Ku tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da damina ƙoramu na cika ba zato, suna tafiya da mota, da bazara kuma zafi ba ya barin hawa. Kada ku tafi da mota ɗaya, kada ku tafi ba ɗan jagora na yankin, kuma ku tambayi hukuma halin da hanya ke ciki a makon da za ku tashi, ba watan da ya wuce ba. In aka ce ku dakata, ku dakata. Ku tanadi takalmi rufaffe, da wando a ƙarƙashin zani, da bargo biyu. Mai hawan jini ko ciwon sukari ta riƙe maganinta na kwanaki fiye da na tafiyar. Kuɗin ko-ta-kwana kada su gaza kashi ɗaya cikin biyar na abin da kuka tara. Kada ku ɗauki hoton mutane ba izini, kada a yi wanki da sabulu a ruwan da mutane da dabbobi ke sha, kada a kankare ko a rubuta suna a jikin zanen duwatsu, kuma ledar da kuka je da ita ku dawo da ita. In kun ga aikin hannun mata, ku saya da daraja, kada ku taya kamar kuna kasuwar gwanjo.

Bana ba mu kai Bagazam ba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,022, wanda sai da jaki ko a ƙafa aka saba hawansa. Ba mu kuma tsaya Dabus ba, kusa da hanyar Agadas, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5, duk da cewa sau nawa muna wucewa ta kusa da wurin a motar haya ba mu sani ba. An riga an buɗe ƙaramin akwati na biyu, kuma wannan karon mata 19 suka sa suna. Ma'ajiya ta ce har yanzu tana ganin tafiyar da tsada, sannan ta zuba jikkarta ta farko.

 Ƙungiyar da ke son ƙarin bayani ta same mu ranar zubi. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa albarka a asusunmu, Ya bar zumunci. Amin.